Likitan kunne, hanci da maƙogwaro da aikin bincike: tambayoyin da mutanen Kebbi ke yi

A wajen walimar taya babban likita murnar zama farfesa, akan miƙe a karanto tarihinsa: ya rubuta maƙala kaza, an kafa hujja da aikinsa sau kaza, ya yaye ƙwararru kaza. Jama'a su yi kabbara, a ci abinci a watse. Amma kaɗan ne cikin mahalarta suka san abin da waɗannan alƙaluma ke nufi, balle abin da ya haɗa su da yaron da kunnensa ke zubar da mugunya a Kamba ko Bagudo. Tambayoyin nan irin waɗanda ɗalibai da iyaye da ma'aikatan asibiti ke yawan yi ne. Na tsaya kan likitan kunne, hanci da maƙogwaro saboda ƙwararrun fannin ba su da yawa, cututtukansa kuwa babu unguwar da ba su shiga ba.

Ba duba marasa lafiya ne aikin likita ba? Me ya kai shi bincike?

Shi ne aikinsa na farko, babu ja. Sai dai duk abin da yake yi a ɗakin duba marasa lafiya, wani ne ya bincika kafin ya zama ƙa'ida. Maganin da zai rubuta a ɗiga wa mai ruwan kunne, kwana nawa za a yi ana ɗigawa, yaushe za a daina jira a shiga tiyata, duk sai da aka gwada a kan mutane masu yawa, aka ƙirga waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba. Galibin wannan ƙirga kuwa a Turai da Amurka aka yi ta, inda ake kai yaro asibiti tun ranar da kunne ya fara zogi. Namu yaron sai kunnen ya shekara yana ruwa, an ɗiga masa mai, an matsa ruwan ganye, an sayo ƙwaya a kemis ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, sannan a kawo shi. Kafin nan ƙwayoyin cutar da ke ciki sun daina jin magunguna da dama. Likitan da bai ɗebi mugunyar ya aika ɗakin gwaji ba, bai kuma tara sakamakon mutum 100 ko 200 ya zauna ya duba ba, da littafin wata ƙasa yake yaƙar cutar ƙasarsa.

Ga kuma ƙarancin ƙwararru. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 a kan ji ya nuna cewa kashi 78 cikin 100 na ƙasashe matalauta ba su da ko likitan kunne 1 ga mutum miliyan 1. Inda hannu ya yi kaɗan haka, abin da ƙwararre ya gano ya rubuta shi ne ke isa inda ƙafarsa ba za ta taka ba.

Ta ina ake fara wannan hanya, kuma shekara nawa take ci?

Doguwa ce. Shekara 6 a makarantar likitanci, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara 1 ta bautar ƙasa. Daga nan sai jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu masu yaye ƙwararru: kwalejin ƙasa ta horar da manyan likitoci da ke Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Wanda ya ci sai ya nemi gurbin horo. Ɗan Kebbi yakan nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999, ko Zariya, ko Kano. Horon kan ci shekara 5 zuwa 6 idan jarrabawa ba ta yi gardama ba.

A rabin horon na biyu ne bincike ke zama dole. Ba a ba mutum shaidar ƙwarewa sai ya zaɓi tambaya guda, ya rubuta yadda zai amsa ta, kwaleji ta amince, kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinsa ya sa hannu, ya yi wata da watanni yana tattara bayanai, sannan ya zauna gaban manyan malamai ya kare kundinsa. A nan hanya ke rabuwa. Wani da ya karɓi takardarsa shi da bincike sun yi sallama, kundin ya kwanta a kanta yana shan ƙura. Wani kuwa zai taƙaita shi ya aika mujallar ilimi, ya ga tambayar da ya amsa ta haifi wasu, ya bi su. Wanda ya shiga jami'a ba shi da zaɓi ma. Daga malami zuwa babban malami, zuwa mataimakin farfesa, zuwa farfesa, kowane mataki da adadin maƙalun da ake nema, kuma a matakan ƙarshe akan aika ayyukansa ga farfesoshin wasu jami'o'i su tantance.

Wane irin bincike likitocin kunne ke yi a asibitocinmu?

Mafi yawa waiwaye ne: a je ɗakin ajiyar fayil, a zaƙulo katunan duk waɗanda suka zo da haɓo, ko da ƙari a wuya, cikin shekara 5 ko 10 da suka wuce, a ƙirga shekarunsu da abin da aka yi musu da yadda suka ƙare. Shi ya fi araha. Akwai shiga makarantun firamare da fitilar duba kunne a bi yara aji-aji. Akwai na ɗakin gwaji, inda ake rainon ƙwayoyin cuta a ga wane magani ke kashe su. Sai wanda ya fi kowanne ƙarfin hujja, ya kuma fi ƙaranci a wurinmu: a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan magani kaza, waɗancan wani daban, a bi su a ga bambanci.

Binciken waiwaye yana da amfani, amma yana da rauni biyu. Na farko, abin da aka rubuta a kati kawai yake gani. Ga irin hirar da ake yi a ɗakin likita:

"Inna, tun yaushe kunnen ke ruwa?"

"Tun kafin a yaye shi, likita."

"Yana jin kira?"

"In ta wannan gefen ne sai an ɗaga murya. Malaminsu dai cewa yake taurin kai ne."

A 'yar wannan hira akwai daɗewar cutar, akwai kunnen da ya fi lalacewa, akwai illa ga karatu. Amma idan layi ya cika baranda, abin da zai shiga kati bai wuce kalma uku da sunan magani ba. Bayan shekara 5 mai bincike ya buɗe katin, ko kunnen dama ne ko na hagu ba zai sani ba.

Rauni na biyu ya fi girma: wanda ya iso asibiti kawai ake ƙirgawa. Kebbi ƙananan hukumomi 21 ce, kuma mutumin Sakaba ko Danko-Wasagu sai ciwo ya ci ƙarfinsa, sai kuma an haɗa kuɗin mota, zai kama hanyar Birnin Kebbi. Mai auna yawan cuta a jiha da katunan babban asibiti kamar mai son sanin kifin da ke cikin Neja ne ya tsaya ƙirga wanda aka kasa a kasuwar Yauri. Shi ya sa a ganina likitan da ya ɗauki kayan aikinsa ya shiga ƙauyuka 10 ya leƙa kunnen kowane yaro ya fi ba mu labarin gaskiya a kan wanda ya fitar da maƙala 10 daga ɗakin fayil.

Waɗanne matsaloli ne suka fi buƙatar a bincika a Kebbi?

Ruwan kunne ne kan gaba. Dodon kunne ya huje, mugunya na fita wata da watanni, mutanen gida sun saba har ba sa ɗaukarsa ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2004 cewa masu wannan cuta a duniya tsakanin miliyan 65 ne zuwa 330, kashi 60 cikin 100 nasu jinsu ya ragu sosai, ta kuma ce duk al'ummar da cutar ta haura kashi 4 cikin 100 tana buƙatar ɗaukin gaggawa. Idan aka bar shi yakan ci ƙashin bayan kunne, ya shanye gefen fuska, ko ya hau ƙwaƙwalwa. Sanin ko yaran Argungu ko Zuru sun haura wannan kashi 4 aiki ne da fitila da 'yan watanni za su gama.

Sai sanƙarau, wanda muke tsakiyar yankin da yake ɓarkewa da zafin bazara. A annobar 2016 zuwa 2017, wadda ta faro daga Zurmi a Zamfara, sama da mutum 14,000 aka yi zaton sun kamu a faɗin ƙasa, sama da 1,100 suka rasu. Waɗannan an ƙirga su. Waɗanda suka tashi da kurumta fa? Kusan 1 cikin 5 na masu tsira daga irin wannan sanƙarau kan tashi da wata nakasa, kuma rashin ji na cikin waɗanda suka fi yawa. Cutar na iya sa kunnen ciki ya fara daskarewa ya zama ƙashi cikin 'yan makonni ko watanni, shi ya sa ake son a gwada jin yaro kafin a sallame shi ko jim kaɗan bayan haka. Iyaye suna murnar yaro ya rayu, sai an kwana biyu a lura ba ya waiwayowa idan an kira shi.

Akwai cire beli. Wanzami kan yi wa jariri a makon haihuwa, manya ma kan je idan maƙogwaro ya dame su. Beli halitta ce, kowa da nasa, kuma likitocin kunne a Arewa sun rubuta abin da kan biyo bayan yankan: zubar jini har jariri ya ɗashe, kumburin maƙogwaro, cutar sarƙe haƙora, ga haɗarin ciwon hanta idan aska ɗaya ta bi mutane da yawa. Lissafa illoli an yi shi. Abin da nake fatan gani shi ne mai binciken da zai zauna da sarakunan aska da kakanni mata ya fahimci tsoron da ke sa a yi, don wanda bai san tsoron ba ba zai iya kawar da shi ba.

Kebbi ƙasar shinkafa ce, injin casa da injin niƙa suna ko'ina, kuma sau da yawa yara ne ke tsaye gindinsu tun safe. Ƙa'idar masana ita ce kada ƙara ta wuce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a aikin awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ƙwayoyin ji na kunnen ciki idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Sauran na da yawa: allurai irin su jentamaisin masu kashe ji idan an yi su ba bisa ƙa'ida ba, ƙayar kifi a maƙogwaro, gyaɗa a hanyar numfashin yaron da bai kai shekara 3 ba, da ɗan batirin agogo wanda kan ƙona hanyar abinci cikin awa 2 da haɗiye shi.

Akwai likitan kunne da bincikensa ya canja yadda ake aiki a duniya?

Akwai, kuma abin lura shi ne daga ƙaramin abu suka faro.

Robert Barany likita ne a Biyana ta ƙasar Ostiriya. Yana wanke wa marasa lafiya kunne da sirinji, sai wani ya ce masa jiri na ɗibarsa idan ruwan ya yi sanyi. Aka ɗumama ruwan har ya yi zafi da yawa, jirin ya dawo, amma Barany ya lura idanun mutumin sun koma rawa zuwa ɗaya gefen. Daga nan ya gano cewa zafi ko sanyi na motsa ruwan da ke kunnen ciki, sashen da ke riƙe daidaiton jiki. Wannan ya zama gwajin da har yau ake yi, ya kuma kai shi ga lambar Nobel ta 1914. Albishir ɗin ya same shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha.

Graeme Clark na Ostireliya ya tashi ya ga mahaifinsa na fama da rashin ji. Da ya zama farfesa a Jami'ar Melbon a 1970, sai ya sa gaba ƙera na'urar da za a dasa cikin kunne ta aika saƙo kai tsaye ga jijiyar ji. Abokan aikinsa da dama sun ce ba za ta yiwu ba, kuɗin binciken ma sai da aka yi gidauniya ta talabijin. A 1978 ya dasa wa mutum na farko. A 1985 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar ga manya, a 1990 ga yara. Tsadarta ta fi ƙarfin mafi yawan gidajenmu, amma ɗaruruwan dubban mutane da ita suke ji a yau.

Na ukun ya fi burge ni. John Epley likita ne mai zaman kansa a Amurka. Akwai wani jiri da ke kama mutum na 'yan daƙiƙu idan ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai, ɗaki ya riƙa juyawa da shi. Epley ya ce wasu ƙananan duwatsu ne na kunnen ciki ke barin mazauninsu su faɗa wata hanya, kuma idan aka kwantar da mutum aka juya kansa daki-daki za su koma. Ya fara faɗin haka a 1980, aka yi masa dariya. Sai 1992 maƙalarsa ta fito. Yau ana yin juyin nan cikin 'yan mintuna, babu ƙwaya, babu allura, babu wutar lantarki. Ana iya yinsa a kan bencin asibitin karkara a Gulma, in dai an koya wa ma'aikacin. Ga ƙasa irin tamu, tasirin da ya fi daraja ke nan.

Me ake nufi da an kafa hujja da mutum sau 500? Ta yaya ake auna tasirin mai bincike?

Duk mai rubuta maƙala yakan jera ayyukan da ya dogara da su. Duk lokacin da aikinka ya fito a jerin wani, an ambace ka sau 1, kuma shafuka irin su Google Scholar da Scopus suna tara waɗannan ambato. A 2005 wani masanin fiziks mai suna Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h: idan naka 10 ne, kana da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Yawan rubutu kaɗai ba ya ɗaga shi, maƙala ɗaya tilo da ta yi fice ma ba ta ɗaga shi. Mujallu kuma suna da nasu ma'auni, wato matsakaicin ambaton da maƙalunsu na shekara 2 da suka gabata suka samu.

Kowanne cikin alƙaluman nan da inda yake yaudara. Google Scholar na ƙirga kusan komai, har kundin ɗalibai, don haka lambarsa kan fi ta Scopus. Dattijo kan fi matashi ko da matashin ya fi shi kaifi, saboda ambato taruwa yake da shekaru. Fannin kunne ƙarami ne, ba a gwada shi da na zuciya inda masu rubutu suka yi yawa. Mutum na iya yawan ambaton kansa, ko ya yanka bincike ɗaya gida huɗu, ko a riƙa sa sunansa a aikin yaransa don shi ne shugaban sashe. Ana ma iya ambaton aiki don a ƙaryata shi, kwamfuta ta ƙirga. Wannan ya sa a 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwa cewa a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ta buga aikinsa, a karanta aikin.

Ni tambayoyina daban ne. Wace ƙa'idar aiki ce ta canja saboda shi? Ƙwararru nawa ya horar, kuma nawa ne cikinsu ke aiki a jihohin da a da ba su da kowa? Wane gwaji ake yi yau a asibitinsa wanda ba a yi kafin zuwansa?

To wanda ya fi yawan maƙala shi ya fi iya tiyata? Shi zan kai wa mahaifiyata?

Ba lallai ba. Iya rubutu daban, iya aikin hannu daban, ko da yake akan samu wanda Allah ya haɗa masa biyun. Idan aiki za a yi wa Hajiya, tambayi likitan sau nawa yake yin irinsa a shekara, wace matsala ke iya biyowa baya, wa zai duba ta idan ta dawo. Likitan da ke bin sakamakon aikinsa yana rubutawa zai amsa babu kame-kame.

Me ya sa ayyukan likitocinmu ba sa samun ambato kamar na Turawa?

Masu ambato sun fi yawa inda masu rubutu suka fi yawa, kuma likitan Jamus ba shi da abin da zai yi da maƙala a kan cire beli. Manyan mujallu da yawa suna karɓar kuɗin bugawa da kan kai dubban daloli. Mujallun gida, irin su Sahel Medical Journal ta Sakkwato, su suka fi ɗaukar matsalolinmu, amma ba duk mujallun Afirka ne manyan rumbunan ƙirga ke gani ba. Ga lokaci: ƙwararre ɗaya ko biyu a asibiti, shi ne a ɗakin duba marasa lafiya, shi ne a tiyata, shi za a taso da tsakar dare an kawo mai haɓon da ya ƙi tsayawa. Rubutu sai abin da dare ya rage.

Akwai kuma namu laifin. Matsin neman ƙarin girma ya jefa wasu hannun mujallun bogi, masu aiko imel da alƙawarin buga aiki cikin mako 1 in an biya. Mujallar ƙwarai sai ta aika aikin ga masana 2 ko 3 na fannin, su feɗe shi, su dawo da shi a gyara, wani lokaci a yi wata 6 ana kai-kawo. Aikin da bai bi ta nan ba ba a dogara da shi wajen ba mutum magani.

An ce in sa hannu a sa ɗana cikin bincike. Ina tsoro. Dole ne?

Ba dole ba ne, kuma tsoronki yana da tushe. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, a wani gwaji mai yara kusan 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma yanzu ba a yarda a fara bincike a kan mutane ba sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince.

Ga haƙƙinki. A yi miki bayani da Hausa, ko Dakarci, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, duk wanda kika fi ji: me za a yi wa yaron, me zai iya faruwa, wa ya ɗauki nauyin aikin. Ki nemi lokaci ki yi shawara da maigida. Idan ba kya karatu, a samu shaidan da ba ya cikin masu binciken kafin ki dangwala. Yaro mai wayo shi ma a tambaye shi. Kina iya cewa a'a, kina iya janyewa bayan kin yarda, kuma ba wanda ya isa ya rage wa yaron kulawa saboda haka.

Bayan wannan zan ƙara da cewa yawancin binciken kunne a wurinmu bai wuce leƙa kunne da fitila, ko sa wa yaro abin sauraro ya ɗaga hannu idan ya ji sauti, ko shafo mugunya da auduga ba. Wani lokaci a nan ake gano yaron da aka daɗe ana duka a makaranta don ba ya amsawa, ashe ji ne ba ya yi.

Ana amfani da katina na asibiti ba da sanina ba?

A binciken waiwaye kwamitin ɗa'a kan ba da izinin duba tsofaffin katuna ba tare da an nemo kowa ba, bisa sharaɗin a cire suna da adireshi da duk abin da zai sa a gane mutum. Hoton fuska kuwa sai da izininka.

Ta yaya abin da aka rubuta da Turanci a mujalla zai amfani mutumin Illo?

Ba ya isa da ƙafarsa, sai an kai shi. A 1978 David Kemp, masanin kimiyya a Landan, ya gano cewa lafiyayyen kunne na mayar da wani ɗan amo idan aka aika masa sauti. Da wannan aka ƙera na'urar da ke gwada jin jariri yana barci. Ƙa'idar ƙasashen da suka ci gaba ita ce a gwada kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Amma su a asibiti suke haihuwa. Dakta Bolajoko Olusanya, likitar yara a Legas, ta kai gwajin wuraren rigakafi, ranar da ake kawo jarirai allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, ta nuna cewa ma'aikatan lafiya na matakin farko za su iya yinsa. Aikin ya fito a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2008. A Kebbi, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwar asibiti ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, dabararta ce ta dace da mu.

Dubi kuma ciwon noma, mai cinye kumatu da leɓe da hancin yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Asibitin noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana karɓar yara daga Kebbi da Zamfara da sauran wurare. Bayanan da likitoci na fannoni daban-daban suka tattara a can sun taimaka wajen fito da girman cutar, Nijeriya ta jagoranci kira, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamba 2023.

Tsakanin mujalla da ƙauye akwai rediyo, akwai limami, akwai ungozoma. Hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce masa, ta hanyar rigakafin ƙyanda da sanƙarau, kulawa da haihuwa, da maganin ruwan kunne da wuri. Mai binciken da bai taɓa zama a gidan rediyo ya faɗi abin da ya gano da Hausa ba, aikinsa da saura.

Ni ɗalibi ne, ko nas, ko ma'aikacin lafiya a karkara. Ina da abin da zan iya yi?

Kana da shi, don bayanan da ƙwararru ke nema a hannunka suke. Samu littafi guda ka ware shi don kunne, hanci da maƙogwaro. Duk wanda ya zo, rubuta kwanan wata, shekaru, namiji ko mace, ƙauyensu, wane kunne, tun yaushe, me aka sa kafin a zo, an cire beli ko ba a cire ba, ya taɓa yin ƙyanda ko sanƙarau, me ka ba shi. Bar gurbi a ƙarshen layi don ranar dawowa: ya bushe, bai bushe ba, ko bai dawo ba. Wannan gurbin ne ya fi ɓacewa a katunan manyan asibitoci. Abin da ba ka tambaya ba kada ka cike shi da zato.

Kafin ka mai da littafin binciken da za a buga, nemi ƙwararre a sashen kunne na babban asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi ko na Sakkwato ya duba tsarin, a kai shi gaban kwamitin ɗa'a. Ku yi magana tun farko a kan sunayen da za su fito a maƙalar da yadda za a jera su, don wanda ya tattara bayanai ya kuma sa hannu a rubutu yana da haƙƙin sunansa ya fito. Ɗalibin likitanci kuwa ya fara da koyon karanta maƙala: ya buɗe PubMed ko African Journals Online, wato shafukan intanet masu tara maƙalun bincike, ya zaɓi guda a kan ruwan kunne, ya tsallake taƙaitawar ya je kan yadda aka yi aikin, ya duba mutum nawa aka fara da su, nawa suka ɓace a hanya, kuma daga ina aka samo su.